Talle Mai Tuwo da Robar Mudir

Baki saba'in da uku Talle yake ciyarwa a sansanin ma'aikata da ke bayan unguwar Al-Shifa a Riyad, kuma ya san kowane baki da halinsa. Akwai wanda ba ya son yaji, akwai wanda zai rantse ba ya so sannan ya zagayo ya ƙara, akwai mai binne nama a ƙarƙashin malmala ya dawo ya ce an manta da shi. Tukwane huɗu gare shi, murhun gas biyu, da turmi ɗaya wanda sai da ya yi kuka da hawaye a filin jirgin Kano kafin a yarda a ɗora masa shi cikin kaya.

A Ƙauran Namoda aka haife shi. Mahaifinsa ya rasu tun ba a yaye shi ba, shi ya sa sunan Talle ya bi shi har ya shafe na yanka. Goggonsa Sabuwa, mai tuwon sayarwa a bakin tashar jirgin ƙasa, ita ta riƙe shi, ya tashi a gindin murhu cikin mata. A nan ya koyi talge da tuƙi da kaɗa miya, ya koyi lugude har yana cilla taɓarya sama ya tafa sau biyu kafin ya cafe. Bai tsaya nan ba, ya kwashi maganarsu da shewarsu da yadda suke karya wuya in za su yi habaici. Mutanen gari suka ba shi sunan da suke ba irinsa, ɗan daudu. Da hantsi su faɗa, da la'asar su zo su miƙa kwano. Abin da ke cikin zuciyarsa kuwa babu wanda ya taɓa tambaya, shi ma bai taɓa tallarsa ba.

Cikin masu miƙa kwanon akwai Maiwada, wani ɗan kamasho mai dogon wuya da ya yi shekaru yana cin tuwon rumfar. Shi ya fara tsallakawa Saudiyya, ya samu aiki a wani kamfanin gine-gine a Riyad, har ya zama heluma, wato shugaban leburorin Hausawa. Da ya zo hutu a 1983 wuyan nan ya ƙara tsawo. Ya zauna a rumfa ya share malmala biyar, sannan ya ɗago.

"Talle, mutuwa muke yi a can. Gurasar nan tasu, kubus da safe, kubus da rana. In an ji tausayinmu a ba mu shinkafa mai ƙamshin turaren wuta. Shirya kayanka."

Mai kamfanin, wanda kowa ke kira mudir Abu Nayif, shi ne kafilinsu duka, wato da sunansa ake ba su iƙama, takardar zama a ƙasar. Mutum ne da ba ya karanta takardar shaida, ba ya tambayar halin kowa. Dabararsa ɗaya ce. In ka kawo masa ma'aikaci, sai ya haɗa fasfonka da na wanda ka kawo, ya ɗaure su da roba, ya jefa cikin aljihun tebur. Ranar da ɗaya ya jawo magana ba a kwance robar: hatimin huruj, wato fita ba dawowa, ya hau kan duka biyun, jirgi ɗaya. A gaban idon Talle aka ɗaure nasa da na Maiwada da wata jar roba, aka tura aljihun tebur da gwiwa.

Riyad ta ba Talle mamaki ta inda bai zata ba. Ya leƙa gidajen abinci daga Batha har Al-Murabba, ya ga ƙarti masu gashin baki suna yanka albasa, suna kwashe shinkafa, suna goge faranti, babu mace ko ɗaya. Aikin da ya jawo masa suna a gida, a nan sunansa sana'a. Direban da ke kawo masa buhunan shinkafa har mu'allim yake ce masa.

"Ke duniya!" in ji Talle ranar farko, yana tafa hannu. "Ashe ni ba lalacewa na yi ba, ƙasa na ɓata."

Ya kama aiki ba wasa. Ya gano wani ganye da Misirawa ke kira mulukiya, ya murza ya shinshina ya ce ai lalo ce ta sa jallabiya. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa kuwa alhazai yake tarewa ta hannun direbobin Jidda. Kafin shekara ta zagayo wuyan Maiwada ya koma mazauninsa, har ya yi ninki biyu ta baya. Talle na daka yana waƙa, zane ɗaure a ƙugu saboda zafin murhu, ido ram da kwalli, leburori na layi suna tsokanarsa yana rama musu ɗaya bayan ɗaya. Burinsa bai da yawa: ya koma Ƙaura ya gina wa Goggo Sabuwa gidan abinci mai rufin kwano da ƙofa mai kullewa.

A 1985 abubuwa biyu suka samu Maiwada. Ya sauke farali ya sa haƙorin Makka, ya zama Alhaji. Sannan ya je hutu gida ya dawo da ƙanin matarsa, wani siririn saurayi mai suna Buraima wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi rediyo nauyi ba. Aka kai Buraima wurin da kamfanin ke jan katanga a sabuwar Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Rana ta buge shi ya faɗi, aka yayyafa masa ruwa ya tashi, ya sake faɗuwa. Labari ya isa gida. Ba a jima ba kaset ya iso daga Balki, matar Maiwada. Maiwada kuwa ya ɗauka gaisuwa ce, ya tara 'yan ɗakinsu ya danna rikoda, muryar Balki ta cika ɗaki: "In ƙanina ya mutu a rana kana zaune da haƙorin zinariya, kada ka kuskura ka dawo gidan nan."

Aikin inuwa ɗaya ne tak a sansanin. Madafa.

Washegari Alhaji Maiwada ya tsaya a ƙofar madafa, carbi a hannu, ya ƙi shiga kamar wanda aka ce akwai kare a ciki.

"Talle, 'yan'uwa sun kawo mini ƙorafi."

"Gishiri ne, Alhaji? Ai na faɗa musu na ƙasar nan kaifi gare shi."

"Ba gishiri ba. Kai ne. An ce... an ce kai ɗan daudu ne."

Talle ya ajiye muciya ya riƙe haɓa. "Wayyo ni 'yasu! Yaushe aka gano? Alhaji, zauna kada jiri ya ɗebe ka. Shekara nawa kana cin tuwona a tasha ka ɗauka limamin gari ne ke tuƙawa?"

"Wancan zamanin jahilci ne. Yanzu muna ƙasa mai tsarki, kana zubar mana da mutunci a gaban Larabawa. Ka sauka da girmanka, ka ce wa mudir ka gaji. In ka ƙi, ranar Asabar ni zan je in faɗa masa ko kai wane ne."

"Wa zai karɓi muciyar?"

"Allah zai kawo."

"Allah ya riga ya kawo, ga shi can kwance ana masa fifita. Alhaji, robar fa? Ka manta tare aka ɗaure mu?"

Maiwada ya yi murmushi, haƙorin ya haska. "Da na tafi hutu an kwance an ba ni nawa. Kai kaɗai ne a aljihun tebur yanzu."

Talle ya ci gaba da tuƙi, amma sai da tuwon ranar ya yi gudaji, abin da bai taɓa faruwa ba.

Da la'asar ya ɗauki kwanon dambu ya nufi ofishin Injiniya Jibrin, wani mutumin Zariya mai tabarau, wanda shi ke yi wa mudir tafinta in magana ta fi ƙarfin Larabcin kasuwa.

"Yallaɓai, kai ka yi boko. Ba doka? Mutum bai ƙona abinci ba, bai saci cokali ba, a kore shi don tafiyarsa?"

Jibrin ya cire tabarau ya goge. "Akwai doka, Talle. Ta yi maganar albashi, ta yi maganar hutu, ta yi maganar wanda bulo ya faɗo wa a ka. Irinka ba ta san da shi ba. Wadda ta san da irinka kuwa, gara kada ku haɗu. In kalmar nan ta fita da Larabci a ofishin mudir, ba lallai abin ya tsaya a jirgi ba. Yana iya kaiwa ga 'yan sanda."

"To in yi yaya?"

"Ka zama namiji zuwa ranar Asabar."

"Da me nake tun da?"

"Ka gane abin da nake nufi. Ka rage hannun nan. Ka yi tafiya kamar kana jin haushin ƙasa."

Talle ya gwada, Allah ya sani ya gwada. Ya ninke zane ya sa wando, ya wanke kwalli har idonsa ya yi ja. Ya cusa hannu biyu a aljihu don kada su tashi da kansu, ya riƙa buga ƙafa yana tafiya a tale kamar mai ƙurji. In an ce "Talle, ƙara miya," sai ya kumbura murya ya ce "Babu!" Leburori suka daina tsokana, suka koma tambayarsa ko basir ne. Wani tsoho ɗan Gumel har ya kawo masa saiwa a ƙunshi. Daka kuwa ba waƙa ba lugude, sai tim, tim, kamar ana buga harsashin gini. Abinci ya ci gaba da fita a kan lokaci, amma layin ya yi shiru kamar na asibiti.

Ranar Asabar bayan azahar aka kira su. Mudir na zaune bayan tebur, kaskon turaren wuta na hayaƙi a gefensa. Maiwada ya sha babbar riga, Jibrin na tsaye a tsakiya, Talle ya rakuɓe a jikin ƙofa, hannu a aljihu.

"Yalla," in ji mudir. "Mece ce mushkila?"

Maiwada ya gyara murya ya dubi Jibrin. "Faɗa masa, Allah ya ja zamaninsa, mutumin nan zane yake ɗaurawa."

Jibrin ya fassara. Mudir ya juya ya leƙa taga. A tsakar sansanin magina 'yan Yaman shida na shan shayi, kowanne da zane a ƙugu, ga wasu 'yan Indiya suna shanya nasu a igiya. Ya juyo ya ɗaga gira.

"To, faɗa masa kwalli yake sawa."

"Sunna," in ji mudir, ba tare da ya jira ƙarshen fassara ba. Ya ƙara da cewa mahaifinsa ma yana sawa, yana da shekara tamanin yana zura zare a allura.

"Turare fa? Mutum ya wuce ka kamar amarya!"

Daidai lokacin mudir ya jawo kaskon, ya ɗaga gefen mayafin kansa ya tura hayaƙin cikin gemu, ya lumshe ido. Jibrin ya dubi Maiwada. "Alhaji, in fassara wannan ɗin?"

"Bar shi. Ce masa aikin mata yake yi. Girki, daka, wanke-wanke."

Wannan karon mudir ya yi dariya har ya buga tebur. Ya ce a tambayi heluma, in ba namiji ya dafa ba, wace mace yake so a kawo cikin ƙarti saba'in? Kuma wa ya zo ofishin nan shekara biyu da suka wuce yana roƙo a ɗauko mai girkin? Sai dariyar ta ɗauke. Ya ce shi yana da aiki. In akwai laifi na gaske a faɗa da sunansa, in babu a fita.

Talle ya tuna rumfar Goggo Sabuwa da ruwan sama ke shiga ta ko'ina, ya tuna abin da Jibrin ya ce game da 'yan sanda. Ya ga Maiwada ya buɗe baki.

"Faɗa masa shi ɗan..."

Mudir, wanda ya ƙosa, ya riga ya jawo aljihun tebur don ya shirya hatimi. Ya tona ya fito da ƙunshi ɗaya ya jefa a kan tebur. Jar roba. Fasfo uku a ciki.

Maiwada ya leƙa. "Injiniya, na wa da na wa?"

Jibrin ya ɗaga gefensu da ɗan yatsa. "Na Talle. Naka. Da na Buraima."

"Ai an kwance nawa da na tafi hutu!"

Jibrin ya tambaya, mudir ya amsa yana neman tawadar hatimi. "Ya ce da ka dawo ya mayar. Kai ka kawo wannan, kai ka kawo wancan. Ya ce ka ƙarasa maganarka, ɗan me?"

Talle ya ga haƙorin Makka ya ɓace cikin leɓe. Ya san abin da Alhaji ke gani a lokacin: filin jirgin Kano, shi da Buraima da akwati, da Balki tsaye a ƙofar gida.

"Ɗan... ɗan halak ne!" in ji Maiwada da ƙarfi. "Faɗa masa ɗan halak ne, ɗan asali! Namiji ne, wallahi, namijin duniya! A garinmu shi ke raba faɗan mahauta. Buhu biyu yake ɗauka a kafaɗa ɗaya. Ni na san shi tun yana yaro, ban taɓa ganin jarumi irinsa ba."

"Alhaji, a hankali," in ji Talle ƙasa-ƙasa, "kada a mai da ni ɗaukar siminti."

Jibrin ya fassara abin da ya ga ya dace, fuskarsa ba alamar dariya. Mudir ya dubi Maiwada tun daga hula har takalmi, ya tambaya, to in haka ne me ya kawo su, da zancen zane da kwalli?

Maiwada ya share goshi da hannun riga. Ya ce ai dama bayani yake yi, yadda aiki ya yi wa bawan Allah yawa har ba ya samun sukunin sa wando. Mataimaki yake nema masa.

"Halas, shi ke nan," in ji mudir. Wannan mai faɗuwa a rana, a kai shi madafa ya riƙa wanke tukwane, albashin lebura. Ya mai da ƙunshin aljihun tebur ya tura da gwiwa.

A waje Talle ya jingina da bango. Maiwada ya wuce shi bai kalle shi ba, ya yi taku kaɗan ya dawo.

"Ka kula da lafiyarka. Kuma ka rage fita kasuwa kai kaɗai."

"To, Alhaji. Yau da miyar kuka ko lalo?"

"Lalo," in ji Maiwada, ya tafi.

Tun daga ranar babu mai tsaron mutuncin Talle kamar heluma. Wani sabon lebura ya taɓa kiransa da sunan nan a layi, Maiwada ya fizge kwanonsa ya tura shi haƙan rami mako guda. Buraima ya shiga madafa yana kumbure-kumbure, ya ce shi ba zai taɓa taɓarya ba. Kafin azumi ya zagayo an gan shi yana cilla ta sama yana tafawa sau ɗaya, Talle na gefe yana cewa, "Saura ɗaya, ɗan nan, saki kafaɗar." Buraima ya yi ƙiba, Balki ta aiko da kaset na godiya, wannan karon Maiwada shi kaɗai ya saurara.

Talle ya mai da zanensa da kwallinsa, waƙa ta dawo bakin turmi. Sai dai in ya ji ƙarar motar da bai sani ba a ƙofar sansani, waƙar takan tsaya har sai ya ga ko wane ne. Jibrin ya taɓa ce masa ya yi sa'a, gaskiya ta yi halinta.

"Wace gaskiya, yallaɓai? Roba ce. Kuma na lura da ita a kan teburin nan, ta fara tsattsagewa. Zafin garin nan ba ya barin roba."

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, ya bi motar kamfani zuwa Al-Murabba, ya shiga wani kantin kayan makaranta. Ya sa mai kantin ya zazzage masa robobi a kan kanta, ya riƙa jan su ɗaya-ɗaya yana gwadawa, ya ware masu kauri, ya cika ƙaramin kwali. Da safe ya kai wa mudir shayi da kansa, ya ajiye kwalin kusa da kofi.

"Hadiyya, ya mudir."

Mudir ya buɗe, ya ja ɗaya ya sake ta ta yi ƙara, ya gyaɗa kai ya ce ma'aikaci mai hankali ke nan. Talle bai motsa ba. Ya tsaya da faranti a hannu har sai da ya ga an jawo aljihun tebur, an cire tsohuwar, an naɗa sabuwa a kan fasfo ukun.

"Ninka biyu, ya mudir," in ji shi, yana nunawa da yatsa. Mudir ya ninka.